Mutum Ɗaya, Fayil Biyu

Duk wanda aka kwantar a gadon tiyata aka tsaga cikinsa, haƙƙinsa a kanmu ba ya ƙarewa ranar da aka cire masa zare. Wajibi ne a gaya masa, da harshen da yake ji, abin da aka yi masa da abin da ka iya biyo baya ko da bayan shekaru ne. Wajibi ne kuma, ranar da ya dawo, takardarsa ta riga shi isa gaban mai duba shi. Na farko yana wuyan likitoci da nas-nas. Na biyu yana wuyanmu, mu ma'aikatan ɗakin kati. Wannan rubutu bayani ne a kan wani bawan Allah da aka tauye wa duka biyun, kuma da hannuna a ciki.

Sunana Isiyaku. Na fara aiki a matsayin mai miƙa kati ta taga, na je na yi kwas na adana bayanan marasa lafiya, na dawo na hau mataki bayan mataki har na zama shugaban sashen. Ba zan ambaci sunan asibitin ba. Ya isa a san cewa mutanen ƙasar Batsari da na Safana ne ke cika layinsa. Sunayen mutane ma na sauya su. Na rubuta wannan ne domin ƙannena da suke shigowa aikin yayin da ni nake shirin ajiye shi, kuma zan aika da kwafi ga kwamitin da ke kula da asibitin.

Saboda wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Mara lafiya idan ya zo karon farko, ana buɗe masa fayil, wato bangon kwali da ake tara duk abin da aka rubuta a kansa. Fayil yana zama a wurinmu. Shi kuma ana ba shi ɗan ƙaramin kati mai lamba ya tafi da shi gida. Ranar da ya dawo, lambar ce ke kai mu ga fayil. Idan kati ya ɓace, akwai akwatin sunaye, inda muka jera kowa bisa harafin farkon sunansa. Idan babu lamba kuma babu suna, saura hanya ɗaya: manyan rajistoci na kwanciya da na ɗakin tiyata, waɗanda ake bi shafi-shafi bisa lokacin da mutum ya kwanta.

Akwai kuma wata hanya da ba ta cikin littafin kwas. Wanda ya koya mini aiki, marigayi Malam Garba, tun makona na farko ya ce mini, "Isiyaku, matar ƙauye ba za ta faɗi sunan mijinta a bakin tagar nan ba, ko za ka wuni kana tambaya. Balle Bafillatana. Kada ka matsa mata. Kai ka riƙa faɗa, ita ta amsa." Na ga ya yi haka sau da dama, ni ma na yi. Ina so a riƙe wannan, domin kada wani ya ce ban sani ba. Na sani.

Akwai wata Litinin da ba ta taɓa barin zuciyata ba. Da kaka ne, an fara yankan gero, a shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Likitanmu guda ɗaya ne, ya tafi Katsina taro na kwana uku. Ƙananan asibitocin ƙauyuka da yawa a rufe suke, don haka kowa mu ya nufo. Kafin hantsi layi ya kai bakin ƙofar shiga.

Wata mata ta iso taga, doguwa, siririya, da zane baƙi da mayafi. Daga baya na san sunanta Dije. Muka gaisa, ta tambayi aiki da iyali, na tambayi mai jiki, sannan na ce ta kawo kati.

"Katin ya ƙone, Malam," in ji ta. "Ranar da aka ƙone mana ruga can wajen Ruma. Da shi da tabarmi da komi."

"To, ya taɓa zuwa nan ke nan?"

"Ya kwanta nan. An yanka cikinshi. Damina huɗu ke nan, lokacin ina goyon Hajo."

"Mi ne ne sunanshi?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Baban Hajo."

"Na ji, Inna, baban Hajo ne. Sunanshi na yanka nake tambaya."

Ta sunkuyar da kai. Wata dattijuwa da ke bayanta ta ce, "Haba Malam! So kake ta kira sunan mijinta a bainar jama'a? Kai taka matar tana kiran naka?" Wata ta amsa daga can baya, "Ai tashi 'yar boko ce, gatsau take ce mashi Isiyaku." Layi ya ɗauki dariya. Ni ma na yi murmushi, kuma wannan murmushi yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau.

Na leƙa waje. Mara lafiyan yana zaune a gindin darbejiya, ya dunƙule, wani magidanci yana riƙe da shi. Shi ne Malam Idi, maƙwabcinsu da ya ɗauko su a babur. Bayan gobarar sun dawo gefen Karare sun raɓa, a nan ya san su. Na ɗaga murya na tambaye shi suna.

"Sambo ake ce mashi," in ji Malam Idi. "Mu dai tun da suka zo, Sambo muka ji."

Duk wanda ya zauna da Fulani ya san Sambo ba sunan yanka ba ne. Ɗa na biyu ake kira haka. Duk da haka na ja akwatin harafin na duba. Sambo suna nan da yawa, babu wanda ya dace da shekarunsa ko garinsa. Ina cikin dubawa sai ga Sakataren asibiti, wanda shi ne shugabanmu ta fuskar mulki.

"Malam Isiyaku, mi ake jira? Layin nan ya toshe hanyar mota."

"Ranka ya daɗe, tsohon mara lafiya ne. Ina neman fayil ɗinsa."

"Buɗe mashi sabo mana. Kwali ya ƙare ne?"

A nan ne ya kamata in zaunar da Dije a kan benci, in ɗauko rajistar tiyata, in yi abin da Malam Garba ya koya mini. Ban yi ba. Na ɗauko sabon fayil na rubuta: Sambo, Ruma. Tana tsaye tana kallon hannuna har na gama. Ta ce ta gode, ta tafi ta kama mijinta.

A dokar aikinmu, ma'aikacin kati ba ya rubuta komai da ya shafi cuta a cikin fayil. Suna, shekaru, gari, lamba, shi ke nan. Saboda haka maganar da ta yi mini, cewa an yanka cikinsa, ba ta shiga ko'ina ba. Amma ta tsaya mini a rai. Da rana, da layi ya ragu, na tafi wurin jami'in lafiyar da ke duba marasa lafiya idan likita ba ya nan. Na tarar ya riga ya ga Sambo, ya rubuta ciwon ciki da taurin bayan gida, ya ba shi gado a ɗakin maza, ya sa a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi maganin da ke sakin ciki, a riƙa ba shi kunu kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Yallaɓai, Bafillacen nan da ka kwantar, matarsa ta ce an taɓa yi masa aiki a ciki."

Bai ɗago ba. "Malam Isiyaku, yaushe ka gama karatun likita ba a kira mu walima ba? Mutanen nan ko ƙaho wanzami ya yi masu, cewa za su yi an yanka su. Ina fayil ɗin?"

"Ban same shi ba tukuna."

"To in ka same shi ka kawo in gani. Na gaba!"

Adalci ya sa in ce tun safe bai tashi daga kujerar nan ba, ko ruwa bai sha ba, kuma neman fayil da ya yi bai saɓa wa ƙa'ida ba. Amma adalci ya sa in ce kuma ta saman riga ya danna cikin mutumin. Sambo ya ɗaure cikinsa tamau da rawani saboda zafin ciwo. Kwance rawanin nan ba zai ci lokacin da zolayar da ya yi mini ta ci ba.

Da yamma na sake bin akwatin sunaye, ban samu komai ba. Na ce gobe. Talata kuwa ranar awon ciki ce da rigakafin yara, ɗakin kati ya cika da mata tun sassafe. Sau ɗaya na gifta ta gaban ɗakin maza, na ga Dije zaune a baranda, domin mata ba su cika zama a cikin ɗakin ba. Na ce, "Inna, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na karɓi wannan amsa na wuce, saboda ita nake so in ji. Daga baya da na karanta takardar nas-nas, na ga har sau uku an rubuta cewa mara lafiya ya ce ya ji sauƙi. Wane ne a ƙasar nan bai san ko mutum yana gargara cewa zai yi da sauƙi ba? Balle Bafillace, a gaban mata, a baƙon wuri.

Laraba da safe ina shigowa na tarar da ita a bakin famfo tana wanke tasa. Warin ne ya tsayar da ni. Abin da ke cikin tasar kore ne mai duhu, kuma ba warin amai yake yi ba, warin bayan gida yake yi.

"Tun jiya haka yake yi," in ji ta. "Ko ruwa ya sha sai ya dawo. Cikin ya tashi kamar tulu. Ko iska ba ta fita."

"Kin gaya wa su Sista an taɓa yi mashi aiki?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido, da mamaki a fuskarta.

"Ai na gaya maka, Malam. Kuma na ga ka rubuta."

Na yi shekaru ina karɓar faɗa daga manya da zagi daga 'yan layi, babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan magana. A wurinta ni ne asibiti. Ta faɗa wa mai biro, mai biro ya rubuta, magana ta ƙare.

Na ce ta biyo ni. Na bar taga a rufe, na zaunar da ita a benci, na sauko da rajistar ɗakin tiyata ta daminar da ta ambata. Na ce, "Inna, ba zan sa ki faɗi komi ba. Ni zan karanta. In na zo kan nashi, ki yi mani alama." Na riƙa tsallake mata da yara, ina karanta mazan da suka fito daga wajen Ruma kaɗai, sunan mutum da na mahaifinsa, domin na san sunan surukinta ma ba zai fita daga bakinta ba. Na karanta na farko, shiru. Na biyu, na uku, shiru. A na tara na ce, "Abubakar Haruna."

Ta juya fuskarta wajen bango, ta ja mayafi har goshi. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ka faɗa."

Na dubi agogon bango, domin ɗabi'armu ce rubuta lokaci. Minti bakwai ke nan da buɗe rajistar.

Fayil ɗin yana kanta ta uku, inda na wuce shi ban san sau nawa ba. A ciki akwai bayanin likitan da ya yi aikin, wanda ya daɗe da barin wurinmu. Zazzaɓin taifot ne ya huda hanjin Abubakar, ciki ya cika da mugunya, aka yanke wani ɓangare na hanjin aka haɗa. A ƙasan shafin likitan ya yi rubutu da jan biro, da Turanci, ya ja masa layi biyu. Ma'anarsa ita ce: akwai babban haɗarin hanji ya manne ya shaƙe nan gaba, idan mutumin nan ya dawo da amai da kumburin ciki da rashin bayan gida, kada a ba shi komai ta baki, a zura masa roba ta hanci a zuƙe cikin, a tura shi Katsina ba tare da jinkiri ba.

Yadda likitoci suka fahimtar da ni, duk cikin da aka buɗe, yayin da yake warkewa wasu zaruruwan nama kan fito kamar yanar gizo, su liƙa hanji da hanji ko da bangon ciki. Wani zai rayu da su har tsufa ba su taɓa shi ba. Wani kuwa bayan shekara ɗaya, ko goma, zare guda zai naɗe hanjin ya shaƙe shi, abinci ya kasa wucewa, jini ya daina kai wa wurin, hanjin ya mutu. Ba laifin likitan da ya yi aikin ba ne, haka jikin ɗan Adam yake. Abin da ke ceton mutum shi ne ya san alamun, kuma mai duba shi ya san an taɓa buɗe shi.

A bayan takardar sallama akwai gurbi da aka tanada domin sa hannun wanda ya yi wa mara lafiya bayani. Gurbin nan fari ne tas.

Na tambayi Dije abin da aka gaya musu ranar sallama. Ta ce, "An ce aiki ya yi kyau, kada ya ɗauki kaya mai nauyi wata uku, mu gode wa Allah. Muka gode." Ta ce tun shekarar da ta biyo baya cikin yakan murɗa masa in ya ci tuwo da yawa, sai ya sha kanwa ko jiƙo ya kwanta. Har sau biyu ya yi kwana biyu yana amai, abin ya wuce da kansa. Wannan karon ma sai da ya kwana biyu a gida kafin su taso. "Mun ɗauka wancan ciwon ya tafi da wuƙa," in ji ta. "Wannan muka ce sabo ne."

Na ɗauki fayil na ruga ɗakin maza, wurin Sista Binta, shugabar nas-nas ta ɗakin. Ta karanta jan rubutun a tsaye, ta wuce ni, ta isa gado na huɗu ta ɗaga rigarsa ta kwance rawanin da hannunta. Ga tabo nan, daga ƙasan ƙirji har ya wuce cibiya, da sawun ɗinki a gefe da gefe. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu muna ɗura wa mutumin nan kunu!" Ta ture kofin da ke kan durowa, ta kira a kawo roba. Abin da ya fito ta hancinsa ya cika tasa, aka sake kawo wata.

Babu waya da za a kira likita. Jami'in lafiyar ya zo, ya ga tabon, ya ga jan biron, ya zauna ya rubuta takardar turawa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Kafin azahar motar asibiti ta tsaya a bakin ɗaki. Da ake fito da shi na matsa in miƙa wa Sista Binta kwafin bayanin aikin, domin ita za ta raka shi. Na sunkuya na ce, "Sannu, Malam Abubakar."

Ya buɗe ido. Sun faɗa can ciki, leɓɓansa sun bushe sun tsage. "Na'am," in ji shi. "Wa ya gaya maka? Rabon da a kira ni haka tun Baffa yana da rai."

"A takarda na gani. Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi.

Sista Binta ta dawo ranar Alhamis. Ta shigo ɗakin kati ta zauna a bencin da Dije ta zauna. Ta ce likitocin can ba su ɓata lokaci ba, suna isa aka shiga da shi. Sun tarar da zare guda ɗaya, kaurinsa bai wuce zaren ɗinkin buhu ba, ya shaƙe hanjin, abin da ke bayansa duk ya yi baƙi ya ruɓe. Ta ce babban cikinsu ya gaya mata da ranar Litinin aka kawo shi, mai yiwuwa da almakashi kawai za a sa a datse zaren a rufe ciki. Abubakar bai farfaɗo ba. Ya cika da asubahin Alhamis. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ƙa'ida ta ce idan aka gano mutum ɗaya yana da fayil biyu, a haɗa su a ƙarƙashin tsohuwar lamba, da sa hannun Sakatare. Na cika takardar na kai masa. Ya karanta, ya buɗe tsohon fayil, ya daɗe yana kallon jan rubutun, sannan ya rufe ya turo mini.

"Malam Isiyaku, in ka haɗa su, duk wanda ya buɗe mi zai gani? Mutum kwananshi ya ƙare. Ko kana ja da ƙaddara ne?"

"Ranka ya daɗe, ban isa in ja da ƙaddara ba. Amma an ɗauke ni aiki ne in rubuta abin da ya faru."

"Kuma wa ya buɗe sabon fayil ɗin? Rubutun wa ke kai?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa na kawo."

"To ka mayar da kowanne inda ka ɗauko shi. Ina tausaya maka ne, saura ƙiris ka yi ritaya."

Na mayar. Saboda haka a yau, a kan kantar ɗakinmu, akwai wani Sambo na Ruma wanda ya zo da ciwon ciki aka tura shi gaba ya rasu, ba shi da tarihi, kamar daga sama ya faɗo. Akwai kuma Abubakar Haruna, wanda aka yi wa aiki, aiki ya yi kyau, aka sallame shi ya warke. A takardunmu yana nan da ransa.

Na rubuta wasiƙa uku a kan wannan al'amari. Kowacce an buga mata hatimin karɓa, kwafinsu yana hannuna. Ba a amsa ko ɗaya ba. Likitanmu da ya dawo ya ji labari ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya ce zai tayar da maganar a taro. Kafin taron aka sauya masa wurin aiki. Ni kuma na shiga bin fayilolin duk waɗanda aka buɗe wa ciki a wurinmu, ina juya bayan takardar sallama. Adadin waɗanda na tarar da gurbinsu fari yana cikin wasiƙata ta biyu, ba zan maimaita shi a nan ba. Na yi niyyar a aika musu da saƙo. Sai na dubi adireshinsu: rugage da ƙauyuka na wajen Ruma da Darini da cikin ƙasar Safana, da yawansu yanzu kufai ne. Mutanen sun watse, wasu suna raɓe a gidajen dangi, wasu ban san inda suka nufa ba. Suna can suna yawo da tabo a ciki, katinsu ya ƙone ko ya ɓace a gudu, kuma iyakar abin da suka sani shi ne aiki ya yi kyau.

Bayan ta fita takaba, Dije ta dawo tagata. Ta ƙara ramewa. Tana riƙe da hannun wata yarinya, ɗaya hannun kuma da 'yar kwalba. Ta turo kwalbar ta taga, man shanu ne.

"Ba shi da yawa, Malam. Saniya ɗaya ta rage. Kai kaɗai ka tsaya ka nemo sunanshi. Allah ya saka."

Na buɗe baki in gaya mata cewa da na yi ranar Litinin abin da na yi ranar Laraba, da watakila ba ta yi takaba ba. Maganar ta ƙi fita. Na karɓa na yi godiya, domin mayar mata da shi cin fuska ne. Ban iya kai shi gida ba.

Ta ce Hajo ce ke kukan ciki kwana biyu, tana tsoro ko abin gado ne. Na ce ba a gadonsa, amma ta yi daidai da ta kawo ta. Na ɗauko sabon fayil na rubuta sunan yarinyar. Da na zo gurbin sunan mahaifi, na ga Dije ta fara jan mayafi. Na ce, "Bari, Inna, na sani." Na rubuta.

Ƙannena, abin da na koya ke nan, kuma a makare na koye shi. Mutanenmu ba su ɓoye mana komai ba. Matar nan ta faɗi duk abin da ya kamata a sani a cikin amsarta ta biyu. Kalma ɗaya ce kawai tarbiyyarta ta hana ta furtawa, mu kuma muka gina aikinmu gaba ɗaya a kan wannan kalma. Ba na jin abubuwa sun sauya. Layin yana nan, likita ɗaya ne har yanzu, takardar sallama da Turanci take, kuma makon jiya na ji wani daga cikinku yana yi wa wata mata tsawa a kan ta faɗi sunan mijinta ko ta ba mutane wuri. Ban yi masa faɗa ba. Da wane baki?

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon kwamitin kula da asibiti ya kafa bincike a kan abin da ya faru daga safiyar Litinin ɗin nan zuwa azahar ɗin Laraba, kuma a fara da ni, domin rubutuna ne a kan sabon fayil. Ina roƙon a binciki dalilin da ya sa ake sallamar waɗanda aka buɗe wa ciki ba tare da an yi musu bayani da Hausa ko Fillanci ba, a kuma nemi waɗanda za a iya samu a gaya musu tun suna da lokaci. Ina roƙon a kira Dije, a gaya mata gaskiya a hukumance, a ba ta haƙuri, domin har yau tana ganin ni na taimake ta.

Idan duk waɗannan sun yi wa kwamiti nauyi, to ina roƙon abu guda wanda sa hannu ɗaya kawai yake buƙata. A ba ni izini, kafin in miƙa makullin ɗakin kati, in haɗa fayilolin nan biyu, in rubuta a kan bangon cewa Abubakar Haruna ya rasu.